Gawon Ziri Na Bakwai

Ana idar da sallar Juma'a mutanen gabashin Yamai suka ɗaga kai suka ga hayaƙi ya tokare sama. Kafin ƴan pompiye masu kashe gobara su iso da motarsu mai rabin ruwa, defon ƙungiyar Garkuwar Dawa ya zama toka: ciyawa da karan hatsi da busassun itatuwa, tarin wata guda cur. Sai da wutar ta lafa aka leƙa inda bukkar mai gadi take, aka tarar da gawar Baba Mijinyawa, hannunsa ɗaya riƙe da abin da ya saura na buta.

Shekarar ce damina ta ɗauke tun gero bai yi ido ba, soja kuma na kan mulki. Ciyawa ta yi daraja har mutum ya fi sa ido a kan daminta fiye da kan buhun shinkafa. Wani yanki ne kaɗai na dajin gabas ya dace da ruwa, ciyawa ta tashi har gwiwa ta bushe ƙayau, ashana ɗaya take jira. Aikin ƙungiyar shi ne ta sa mutane su share ziri-ziri mai faɗin taki ashirin da manjagara, don in wuta ta taso ta tarar da yashi zalla ta mutu. Abin da aka kwashe kuma a tara a defo a raba wa makiyaya. Kowane ziri da lambarsa. In an gama shi, kontrolar, wato mai duba aikin, ya ɗauki hoto da salula ya tura, sai zirin ya juya daga ja zuwa kore a taswirar da ke biro, wato ofishin ƙungiyar.

Komiser Zailani na ƴan sanda ya iso ya tarar an riga an yi masa aikin, wato an kama mutum. Harouna sunansa, ɗan ci-rani daga wajen Dogondutsi, ɗaya daga cikin masu jan manjagara. An gan shi cikin shingen defon yana gudu da reshe mai ci da wuta, an kuma ji ranar Alhamis sun yi cacar baki da marigayin.

Kusa da tokar akwai wani kapiten na soja tsaye, siriri, mai magana a hankali kamar mai jinya. Shi ya yafito komiser da yatsa.

"Na'urarsu ta ce zirin da ke bayan defo, na bakwai, an share shi tas. Wuta ba ta tsallake yashi taki ashirin. Ke nan daga ciki aka kunna ta."

"Za mu bincika, mon kapiten."

"Wannan zagon ƙasa ne, ba aikin komisariya ba. Gobe da la'asar zan aiko mota. Ka sa hannu kawai."

Zailani ya kawar da kai. Ya san motar, fara ce, ba ta da lamba. Wata huɗu da suka wuce ya sa hannu ta ɗauki wani tela na Zongo a kan maganar da ya yi a teburin mai shayi, kuma har yau matar telan tana zuwa ƙofar komisariya kowace Litinin ta tsaya, ba ta cewa komai. Shekara ashirin yana aikin ɗan sanda bai taɓa jin tsoron ɓarawo ba, amma wannan matar ta sa ya koma shiga ta ƙofar baya.

Da safiyar Asabar ya sa aka fito masa da Harouna. Mutumin ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, tafin hannuwansa duk sun tashi da ƙuna.

"Tashi ka zauna a benci, Malam Harouna. Me ya kai ka defo lokacin salla?"

"Ranka shi daɗe, jakina na baro ɗaure bayan shinge. Muna cikin sahu anka ce wuta, na sheƙo."

"Reshen fa?"

"Ɗanyen dogon yaro ne na karya ina bugun wuta, ta kama shi."

"Me ya haɗa ku da Mijinyawa ranar Alhamis?"

Harouna ya share ido da bayan hannu. "Ruwan randa tai na ba jaki. Ya zage ni, na rama. Da marece munka ci tuwo kwano guda. Baba na ne fa, garinmu ɗaya da uwa tai."

"A takarda kai aka rubuta ka share ziri na bakwai."

Harouna ya dubi ƙofa, ya dubi taga.

"Ba kowa sai ni. Faɗi."

"Ni dai inda anka ce in ja, nan nika ja. Ban iya karatun salula ba. Amma wajen gawon nan na bayan defo ban taɓa sa manjagara ba."

"Wa ke nuna muku inda za ku ja?"

"Mushe Isaka, kontrolar," in ji shi, wato Malam Isaka. Ya sake sauke murya. "Ranka shi daɗe, gaskiya ne waɗanda motar nan ka ɗauka ba su komowa?"

Zailani ya yi kamar yana neman wani abu a aljihun tebur har aka mayar da shi.

Biron ƙungiyar yana unguwar Dar es Salam, ɗaki biyu da fanka mai ƙara. Shugabar aikin, Madam Ramatou, ta kwana tana kuka, idanunta sun nuna. Ta juyo masa da ordinater, wato kwamfuta, ya ga taswira da layuka goma sha biyu, tara kore, uku ja.

"Ina kike jiya da azahar, Madam?"

"Asibiti, wurin mahaifiyata, tun safe. Kowa ya gan ni."

"Wa ke iya mayar da ja kore?"

"Ba kowa. Sai hoto ya shigo daga salular kontrolar, da wurin da aka ɗauke shi."

"Da ranar da aka ɗauka?"

"Da farko haka ne. To amma dajin ba reso, waya ba ta kamawa, hotuna suka riƙa maƙalewa. Sai muka buɗe musu hanya su ɗauka su ajiye, in sun shigo gari su tura. Ranar da aka tura ita ke fita."

Ana haka wani matashi ya shigo, fes da shi, riga a goge, yana ƙamshin turare. Ya miƙa hannu biyu.

"Fofo, mushe komiser. Ni ne Isaka. Wallahi abin ya girgiza ni. Tsohon nan kamar uba yake gare mu."

Haifaffen Yamai ne, Hausarsa ta kasuwa ce mai gauraye da Zabarmanci da Faransanci, ga baki kamar an shafa masa mai. Irin yaran da suka san kowane lungu na kasuwar Petit Marché amma in ka kai su gona sai su tambaye ka ina inuwa.

"Kai ka ɗauki hoton ziri na bakwai?"

"Ni ne, kwana tara ke nan. Harouna na gamawa na ɗauka."

"Ya ce bai taɓa jan manjagara can ba."

Isaka ya yi murmushin tausayi. "Mutumin da ke cikin wannan hali, me ba zai ce ba?"

"Ina ka yi Juma'a?"

"Zongo, inda na saba. Daga can na ji labari."

Ramatou ta buɗe hoton: yashi fari tas ba ko tsinke, shingen defo daga nesa, ga wani babban itace tsaye a gefe. Ta tura wa Zailani a salularsa. Yana miƙewa ta ce, kamar da kanta take magana, "Yau ɗin nan fa muka shirya zagaya ziraran da ƙafa, ni da mutanen gandun daji. Ranar Alhamis na gaya wa Isaka ya shirya."

"Wa kuma kika gaya wa?"

"Shi kaɗai."

Ƙarfe goma sha ɗaya ta yi masa a bakin dajin. Ƙasa baƙa ƙirin har inda ido ya tsaya, ga warin ƙauri mai shiga maƙogwaro. Can gefe wani makiyayi yana feɗe saniyar da wuta ta ci rabinta. Shi ne Oumarou, wanda aka ce an taɓa hana shi ciyawa a defo ya tafi yana rantsuwa.

"An ce ka yi alwashin sai sun gani."

Oumarou bai ko ɗago ba. "Na faɗa. Baki ne. Shanuna na yamma da wutar, iska na busowa daga gabas, biyu sun mutu. Ka taɓa ganin mai shanu ya ƙona ciyawa a shekara irin wannan?"

Zailani bai taɓa gani ba, ya kuma san ba zai gani ba.

"Daga ina ta taso?"

Ya nuna da wuƙa. "Gindin gawon can. Ana kiran salla na ji ƙarar moto mai ƙafa biyu ta tsaya, ta sake tashi. Ban ga mai ita ba, ciyawa ta tare."

"Ciyawa? A nan aka ce an share."

Sai yanzu Oumarou ya dube shi, irin kallon da ake yi wa mutanen birni. "Wa ya share? Karangiya ce nan har gwiwa, kare ma ba ya ratsawa."

Zailani ya taka zuwa wurin, ya sa ƙafa ya ture toka. Ga kututturan ciyawa nan a ƙone, saiwarsu na riƙe da ƙasa. Manjagara kuwa in ta bi wuri har saiwa take tugewa. Ya san wannan bai isa ba. Isaka zai ce Harouna ne ya yi ha'inci, kapiten kuma zai ce shi na'ura ya yarda da ita, ba ƙafar komiser ba. Ya duba agogo, saura awa huɗu da ƴan mintoci la'asar ta yi.

Rana ta kore shi zuwa gindin gawon. Ya jingina, ya ciro salula ya sake buɗe hoton, ko zai ga abin da bai gani ba. Wurin dai shi ne, ga shingen, ga itacen da reshensa mai lanƙwasa. Ya ɗaga kai don ya gwada reshen, sai ya lura a inuwa yake tsaye. Rassan ƙasa sun babbake, amma saman itacen shar yake da ganye. Ya mayar da ido kan hoton. Gawon da ke ciki tsirara yake, ƙaya da rassa kawai.

Ya tuna gonar ubansa a Dogondutsi, inda suke shuka gero har gindin gawo don ba ya hana amfanin gona rana. Duk ɗan ƙauye ya san halin gawo: in ruwa ya sauka kowane itace ya yi ganye, shi zubar da nasa yake yi, sai kaka ta yi kowa ya bushe sannan ya tofo. Hoton da aka ce na kwana tara ne, a watan Nuwamba, ba zai nuna gawo ba ganye ba. An ɗauke shi ne a bakin damina, lokacin da dabbobi sun lashe ƙasa ƙaf, sabuwar ciyawa ba ta fito ba. Zailani ya mayar da salula aljihu.

Saura ya san wanda ya zo kan moto. Ya koma Dar es Salam, amma bai nufi biro ba, sai ya tambayi gidan Isaka. A tsakar gida ya tarar da matarsa zaune kan tabarma da farar shadda a cinya, tana tsince wani abu tana zubawa a murfin kwano, tana tsotsar yatsa.

"Sannu da aiki, uwar gida. Maigidan na nan?"

"Yana biro." Ta ɗaga rigar tana tsaki. "Duba min, don Allah. Mutum ya tafi masallaci ya dawo da karangiya har aljihu. Mai wanki ya ce ba zai taɓa ba sai na cire."

"Ta jiya ce?"

"Ta jiya mana, ita ce ta Juma'arsa."

Ya nemi ta ba shi rigar da murfin karangiyar, amma bai ji daɗin karɓa daga hannunta ba, don ta ba shi ne da zuciya ɗaya, har da neman leda.

Ƙarfe biyu da rabi Isaka na zaune gabansa a komisariya, Ramatou a gefe. Zailani ya ajiye salula a tebur.

"Wane itace ne wannan?"

"Itace dai... na daji."

"Gawo ne. Yaushe yake zubar da ganye?"

Isaka ya yi dariya. "Da rani mana, kamar kowane itace."

"Da damina. Jiya da yau ganye ne a kansa, na tsaya a inuwarsa. Madam, yaushe kuka fara zuwa auna wurin nan?"

"Watan Yuni," in ji Ramatou a hankali. "Isaka ya ɗauki hotunan kowane wuri kafin mu buga turaku."

"To ɗaya daga cikinsu ya tura miki kwana tara da suka wuce."

Murmushin ya ɗauke daga fuskar Isaka. "Ko da na yi kuskuren hoto, wannan ba ya nufin..."

Zailani ya zazzage ledar. Shaddar ta faɗo, ya juye murfin karangiya a kanta.

"A wane sahu na masallacin Zongo wannan ke tsirowa?"

Zailani ya tura rigar gaban Isaka ya ci gaba.

"Bari in gaya maka yadda aka yi, in na kauce ka gyara min. Kwanakin da aka ware wa ziri na bakwai ka kai su Harouna wani wuri kusa da gudron, bakin kwalta, suka ja, ka loda wa masu amalanke suka kai kasuwar dabbobi, kai ka san inda kuɗin ya shiga. Su ba su iya karatun salula ba, na'ura kuma ba ta san gawo ba. Ranar Alhamis Madam ta ce za a zo da ƙafa. Ciyawar taki ashirin ba ta sharuwa a kwana ɗaya, amma tana ƙonuwa. Ka zaɓi lokacin Juma'a don ka ɗauka ba kowa."

"Ba ni ba ne."

Zailani ya nuna agogon bango. "Da la'asar mota za ta zo. In na kira kapiten na nuna masa wannan rigar, kai zai ɗauka, ka kuma san inda ake kai mutum. In ka faɗi gaskiya yanzu, na rubuta, na kai wa mai gabatar da ƙara kafin ƙarfe huɗu, shari'arka ta shiga hannun alƙali. Kurkuku ne, amma matarka za ta san ƙofar da za ta kai maka abinci."

Isaka ya dubi agogon, ya dubi Ramatou, sai ya kife kai a tebur.

"Zirin kawai na so ta ci, wallahi. Na ɗauka za ta tsaya a shinge. Kuma duk Juma'ar da na je tsohon yana masallaci!"

"Su biyu ne masu gadin," in ji Ramatou, hawaye na zubo mata. "Juma'a suke rabawa, wannan ya je, wancan ya tsare. Jiya tasa ce ta tsaro. Wata biyar kana aiki da su ba ka taɓa tambaya ba."

Zailani ya rubuta da hannunsa, ya hau moto da kansa, ya dawo da hatimin mai gabatar da ƙara saura minti goma a kira salla. Yana tsaye a baranda farar motar ta shigo. Kapiten da kansa ya fito. Ya karanta takardun a tsaye, shafi bayan shafi, ba ya gaggawa.

"Itace," in ji kapiten. "Ka hana ni mutum saboda itace."

"Haɗama ce da kisan kuskure, mon kapiten, ba zagon ƙasa ba. Takarda ta riga ta shiga kotu."

Kapiten ya miƙa masa takardun, ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Zailani, ko? Zan riƙe sunan."

Motar ta juya ta fita ba kowa a bayanta. Zailani ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Ya san maganar kapiten ba ta wasa ba ce, kuma tsoronta zai kwana da shi ba kwana ɗaya ba.

Ya karɓi mabuɗi ya buɗe ɗakin tsaro da kansa. Harouna ya ji ƙarar mota tun ɗazu, ya cire ƴar layar da ke wuyansa ya riƙe a ƙonannen hannu.

"Ranka shi daɗe, ka ba matata Kande wagga. Tana tuyar ƙosai bakin Petit Marché. Ka ce mata jakin na wurin mai shayi."

"Kai za ka gaya mata. Tashi."

"Ina za a kai ni?"

"Gida."

Harouna bai motsa ba, sai da komiser ya kama shi a damtse ya ɗaga. Kofur ɗin da ke bakin aiki ya nufi ƙofar baya da su, yadda ya saba ganin maigidansa na yi.

"A'a," in ji Zailani. "Buɗe ta gaba."

Suka fita tare. Ba Litinin ba ce, matar telan ba ta nan, amma Zailani ya tsaya ya dubi inda take tsayawa. Jibi za ta zo, kuma ya ƙudurta wannan karon zai fito ya tambaye ta sunan mijinta cikakke, ya buɗe masa takardar bincike.